Daga Kano Zuwa Dagona: Jagorar Fita Kallon Tsuntsayen Ci-rani a Lokacin Kaka

Da zarar damina ta fara ja da baya, shamuwa takan bar sheƙarta a kan tsamiyar tsakiyar gari ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Wannan ko yaro ya sani. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a daidai lokacin da take tafiya wasu baƙin suke sauka: agwagin daji, tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, shahuna, da wasu 'yan mitsi-mitsi da nauyinsu bai wuce giram 10 zuwa 15 ba. A Turai da yammacin Rasha suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe, sanyi ya koro su, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara. Bayan hamada kuwa wurare ƙalilan ne ke da ruwa mai yalwa: bakin kogin Senegal, fadamar kogin Neja a Mali, Tafkin Chadi, sai fadamun Haɗeja da Nguru a Jigawa da Yobe, inda aka taɓa ganin nau'in tsuntsaye sama da 370.

Tafiya ce ta kwana huɗu zuwa biyar a mota, daga Kano a bi ta Haɗeja da Baturiya da Nguru, a ƙare a Dagona kusa da Gashuwa. Amma tun yanzu ka riƙe wannan: taswira titi kawai za ta nuna maka. Tsuntsun fadama bakin ruwa yake bi, bakin ruwa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Inda bara ake tuƙa kwalekwale, bana kana iya tarar da garken shanu suna kiwo. Saboda haka duk shirin tafiyar yana rataye ne a kan tambaya ɗaya: ina ruwa ya tsaya bana, wa kuma ya sani?

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Baƙin ba rana ɗaya suke isowa ba. Ƙananan masu cin ƙwari da wasu na bakin ruwa sukan fara bayyana tun ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Agwagi kuwa sai Oktoba da Nuwamba suke taruwa, su yi ta ƙaruwa har Janairu, watan da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya baki ɗaya.

Matsalar Satumba ita ce hanya. A lokacin kogin Haɗeja da na Jama'are sun tumbatsa, ƙauyuka da yawa sai da jirgi ake shigarsu, wani lokaci ma babban titi yakan yanke, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Ga shi kuma idan ruwa ya mamaye ko'ina, tsuntsaye sukan warwatsu, ka wuni kana yawo ka ga kaɗan. Idan ka jinkirta har tsakiyar Disamba, tsuntsaye sun cika, amma hazo ya sauka, abin da ke nesa da kai sai ka gan shi dishi-dishi.

A ganina, mafi dacewa shi ne daga makon ƙarshe na Oktoba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya fara janyewa ya bar laka a buɗe, ana girbin shinkafa, hanyoyin burji sun fara bushewa, sararin sama kuma da sauran haskensa. Mai son dacewa da taron 'yan uwa masu kallon tsuntsaye ya sani cewa Asabar ta biyu a watan Oktoba ita ce ɗaya daga cikin ranaku biyu na tunawa da tsuntsaye masu ƙaura a duniya, sai dai ta ɗan yi wuri ga mai neman agwagi.

Kafin ka sa rana, ka buga waya Haɗeja ko Nguru ka tambayi mutumin da sana'arsa ke bakin ruwa. Kada ka tambaye shi tsuntsu. Ka ce: “An fara yankan shinkafa? Mota tana shiga Baturiya? Masunta sun koma wane gefe?” Amsar waɗannan ta fi duk wani hasashen da za ka samu a intanet. Dalili kuwa, ambaliyar fadamar ba ruwan sama kaɗai ke juya ta ba. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, yawan ruwan da ke isa ƙasa da lokacin isarsa sun dogara har da sakin da ake yi daga can Kano.

Mataki na biyu: mota da kaya

Daga Kano har Gashuwa titin kwalta ne, kowace mota mai lafiya za ta kai ka. Inda gizo ke saƙar shi ne 'yan kilomitocin da ke tsakanin titi da bakin ruwa: yashi mai laushi a kan jigawa, baƙar laka a kwari. Mota mai tudu, mai jan taya huɗu, ita ce ta dace. In babu, ka ajiye taka a gari ka ɗauki ɗan acaɓa na ƙauyen, shi ya san inda ƙasa ke ɗauka. Ka tafi da safaya mai iska, jak, shebur, igiyar ja, da famfon taya, domin a cikin yashi rage iskar taya kaɗan yakan fitar da kai, amma dole ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. Ka cika tanki a Haɗeja, ka sake cikawa a Nguru.

Madubin hangen nesa shi ne jarin tafiyar. Wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya wadatar: yana kusanto da abu sau takwas, yana da haske da asuba, hannu kuma ba ya rawa da shi sosai. Kada ka ruɗu da na kasuwa mai manyan lambobi, ciwon kai kawai zai sa maka. Idan a cikin ayarinku akwai mai babban madubi na ɗorawa kan ƙafa uku, to kun huta, don agwagi ba sa yarda a matso su. Sai littafin gane tsuntsaye. Na Borrow da Demey kan tsuntsayen Afirka ta Yamma shi ne aka fi amfani da shi, da Turanci yake, shi ya sa zan riƙa ambatar sunayen da za ka tarar a cikinsa. Manhajar Merlin ta gane tsuntsaye a waya ma tana taimakawa, amma ka sauke bayanan yankin tun kana Kano, don sabis yakan ɗauke a cikin fadama.

Tufafi masu launin ƙasa ko toka, hula mai baki, takalmi rufaffe. Farar shadda ta zauna a gida, tun daga nesa tsuntsu ke hango ta. Kayan da suka yi kama da kakin soja kuwa ko kusa kada ka sa su, doka ta hana farar hula, a Yobe kuma ba abin wasa ba ne. Ka haɗa da gidan sauro, man korar sauro, ruwan sha mai yawa, da rigar sanyi saboda asubahin Nuwamba.

Mataki na uku: izini da mutane

Mutum da madubin hangen nesa da kyamara a bakin daji, a yankin da ya sha fama da rashin tsaro, dole a zarge shi. Maganin wannan shi ne kada ka zama baƙon da ba a san da zuwansa ba. Ka riƙe katin shaida. In kana da wasiƙa daga makaranta ko ƙungiya, ka yi kwafinta da yawa. A shingen bincike ka sauke gilashi, ka ajiye madubin a fili a kan kujera, kada ka ɓoye shi. In an tambaya, ka ce, “Yallaɓai, tsuntsaye muke zuwa dubawa a Dagona,” ka miƙa littafin. Hotunan da ke ciki sukan yi bayanin da baki ba zai iya ba. Kada ka ɗauki hoton shinge, gada ko bariki. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto kuwa ka bar shi a gida.

A kowane ƙauye, ƙofar mai gari ce farkon zango: dagaci ko bulama a ƙasar Haɗeja, lawani ko bulama a gefen Nguru da Bade. Ka yi sallama, ka gaisa a tsanake, ka ce, “Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Kano, mun zo ganin tsuntsayen da ke sauka a fadamarku, muna neman izini da wanda zai yi mana jagora.” Ka ajiye ɗan goro. Minti goma sha biyar ɗin nan ba asara ba ce. Yaron da za a haɗa ka da shi ya san tafkin da agwagi ke kwana, ya san gonar da mai ita ba ya son a taka, ya kuma san inda ba a zuwa.

Batun tsaro yana sauyawa, don haka labarin bara ba ya aiki. Ka tambaya a makon tafiyar, ka sake tambaya a kowane gari kafin ka wuce gaba. Tuƙin dare babu shi a tsarin nan: la'asar sakaliya ta same ka a kan hanyar masauki.

Mataki na huɗu: Kano zuwa Haɗeja da Baturiya

Ka tashi bayan sallar asuba, ka bi ta Gezawa, Gumel, Malam Madori, ka shiga Haɗeja kafin azahar. Kada ka ɗauki wannan hanya a matsayin tazarar da za a cinye kawai. Gonakin gero da aka girbe da wayoyin lantarki na gefen titi suna da nasu baƙin. Duba kan tudun kunya da kututture, za ka ga wani ƙaramin tsuntsu mai tsayuwa ƙyam, in ya tashi sai farin gindin wutsiyarsa ya haska, da baƙin layi a ƙarshenta. Wheatear ke nan, wasunsu daga can ƙurewar arewacin Turai suke. A kan ƙaya kuma akwai Woodchat Shrike, mai jar ƙeya da baƙin ido kamar an ja masa kwalli. 'Yan gida irin su tsanwaka, cilakowa da hasbiya su ma ka rubuta su.

Dabarar kallo daga mota: ka gangara gefe sosai, ka kashe inji, kada ka buɗe ƙofa. Tsuntsu ya saba da mota, mutum a tsaye ne bai yarda da shi ba. Ka jingina gwiwar hannu a kan taga, ka duba.

Bishiyoyi ma a zaɓe ake duba su. Darbejiya da turare, duk inuwarsu, ba su da wani abin kirki ga baƙin nan. Gawo, aduwa da bagaruwa su ne gidan ƙwari, nan ƙananan tsuntsayen Turai suke wuni. Gawo ya fi, tunda shi da rani yake fitar da ganye. Ka tsaya ƙarƙashin guda ɗaya minti goma ba motsi, ka ga abin da zai fito. Ɗaya daga cikinsu, Whitethroat, mai farin maƙogwaro da jaja-jajan fiffike, shi ne ya fara nuna wa Turawa cewa tsuntsayensu da daminarmu suke rayuwa: bayan ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968, waɗanda suka koma Ingila a 1969 ba su kai kashi ɗaya cikin uku na adadin da aka saba gani ba.

Da yamma ka leƙa gonakin ban-ruwa na kwarin Haɗeja da ke wajen Auyo. Washegari da duku-duku ka nufi Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma. Wurin ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da shi gandun daji na ƙasa, don haka ka nemi ma'aikatan gandun kafin ka shiga. Nan tafkuna ne rarrabe a tsakanin bagaruwa da goruba, a ƙafa ake zagaya su. Ka tsara zagayen yadda rana za ta kasance a bayanka: da safe ka tsaya gabas da tafki kana duban yamma, da la'asar ka juya. Wanda ya fuskanci rana baƙin inuwa kawai zai gani a kan ruwa. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku ka nemi inuwa ka huta, sai dai ka riƙa ɗaga kai, don lokacin ne manyan tsuntsaye ke hawa iska mai zafi suna shawagi.

Kada ka shiga ruwan da ba ya gudu da ƙafa tsirara, tsargiya ta yi yawa a yankin. Ka kuma duba inda kake taka ƙafa a cikin busasshiyar ciyawa saboda maciji.

Mataki na biyar: Nguru da kwalekwale

Daga Kirikasamma titi ya miƙe zuwa Nguru, garin da layin dogo daga Kano ya ƙare tun 1930. Tafkin Nguru da mashigar ruwa ta Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta shigar cikin jerin Ramsar, a shekarar 2000. A nan mota ta gama aikinta, sai jirgi.

Ka daidaita da mai kwalekwale tun ana gobe za ku fita, ta hannun sarkin ruwa in da hali. Ku yanke kuɗi da awannin da za ku yi. Na sanda ko filafili ya fi na inji nesa ba kusa ba, don ƙarar inji takan tashi tafki guda kafin ka ɗaga madubi. Mutum uku da matuƙi sun isa, kowa da rigar kariya daga nutsewa, kuma ba a miƙewa tsaye don an ga abin mamaki. Ka ce masa, “Baba, a hankali, gefe-gefe za mu bi, ba kama su za mu yi ba.” Masunci ya saba da nufar wuri kai tsaye, sai ka yi ta tuna masa.

Za ka ga kacalla ta yi dazuzzuka, ta fi tsayin mutum. Ruwan da ke kwance shekara zagaye tun bayan gina dam-dam ne ya ba ta dama, ta toshe mashigai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama makwancin janbaki masu yi wa shinkafa ɓarna. Manomi zai yi maka ƙorafinta, kuma da gaskiyarsa. Ka saurare shi, kada ka zo masa da wa'azin kare tsuntsu alhali yaransa sun wuni suna buga gwangwani a gona.

Yanzu ga rarrabe 'yan gida da baƙi, wanda shi ne daɗin tafiyar. Kirinjijiya 'yar gida ce: farar fuska, doguwar wuya, tsayuwa a miƙe, da fito mai gaɓa uku da za ka ji tun kafin ka gan ta. Dinya ma ta gida ce, girmanta kaɗai ya isa shaida. Zalɓe, balbela da zakaran ƙeƙuwa ba sa buƙatar gabatarwa. Baƙuwar da ta fi yawa ita ce Garganey, ƙaramar agwagwa mai tashi a dunƙule da gudun tsiya. Littafi zai nuna maka namijin da farin layi a saman ido, amma wannan adon sai wajen Fabrairu. Da kaka duk launin ƙasa suke, sai ka dubi ratsin fuska da tokar da ke gaban fiffiken namiji in ya tashi. Pintail ta fi ta girma, siririya, mai dogon wuya da wutsiya mai tsini.

A kan laka da gonakin shinkafar da aka yanke, Ruff ne sarki. Yana rikita sabon shiga, domin namiji ya fi mace girma ƙwarai, launin ƙafa kuma ya bambanta daga wannan zuwa wancan, sai ka ɗauka nau'i uku kake gani. Ka dubi ƙaramin kai, gajeren baki mai ɗan lanƙwasa, da gashin baya mai zane ɓawo-ɓawo. Ƙwayar shinkafar da ta zube yake tsinta. Kusa da shi akwai Black-tailed Godwit mai dogon baki miƙaƙƙe, da Wood Sandpiper mai ɗige-ɗige a baya. Idan garken ya tashi gaba ɗaya ba dalili, ɗaga kai: Marsh Harrier ne, wani shahon fadama, ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan kacalla, fikafikai a ɗage kaɗan, macen baƙa-baƙa da farin kai. A tsakanin ƙafafun shanun Fulani kuma ga Yellow Wagtail, mai rawayan ciki, tana tafiya tana kaɗa wutsiya tana cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Gab da magariba sukan taru su faɗa cikin ciyawar ruwa su kwana, amma wannan kallon sai in masaukinka na kusa.

Ƙidayar garke ba ɗaya-ɗaya ake yi ba. Ka ƙirga goma, ka riƙe girman wannan dunƙulen a ido, ka auna sauran da shi. In sun yi yawa, ka koma ɗari-ɗari. Mutum biyu su ƙirga daban, a ɗauki tsaka-tsaki.

Mataki na shida: Dagona

Daga Nguru ka kama titin Gashuwa ta Jajimaji, tafiyar ba ta da nisa. Dagona tana ƙaramar hukumar Bade, ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, kuma da ma'aikacin gandu ake shiga, bayan an biya kuɗin shiga an karɓi rasit. Wurin ya yi suna tun da Yarima Philip na Ingila ya ziyarce shi a 1989. Tafki ne da kogi ya bari a tsohuwar hanyarsa, shi ya sa cikarsa ta dogara da ambaliyar shekarar. Ka tambayi ma'aikatan tun kana Nguru. In suka ce ruwa bai shiga sosai ba, ka roƙe su su kai ka tafkunan maƙwabta, ba dole sai wanda ke da allo ba.

A filayen da ke kewaye ka nemi farar shamuwar Turai. Ta fi tamu girma, jikinta fari, bakin fiffike baƙi, baki da ƙafa ja. Irinta ce aka harbo a Klütz da ke Jamus a 1822 da mashin Afirka soke a wuyanta, abin da ya tabbatar wa Turawa inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Gauraka kuwa, da a da ake gani garke-garke a fadamun nan, ya yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya. In ka yi sa'ar ganinsa, ka ɗauki hoto ka rubuta wurin daidai. Gabas da Gashuwa ko arewa wajen tuddan yashin Yusufari, kada ka ƙara gaba sai da shawarar jami'an tsaro da ta mutanen gari a ranar.

Mataki na bakwai: rubutu da kai rahoto

Kowane zango da shafinsa: kwanan wata, sunan wuri, lokacin farawa da gamawa, nau'i da adadi. Wanda ba ka gane ba, ka rubuta girmansa, siffar baki, launin ƙafa da abin da yake yi, ka bar shi ba suna har ka samu mai sani. Sunan da jagoranka ya kira shi da shi, da Hausa ko Badanci ko Manganci, shi ma ka rubuta. Da ka samu sabis, ka shigar da jerin a eBird, manhajar tattara bayanan tsuntsaye, ko a BirdLasser wadda masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ce ke jagorantar wannan aiki, kuma bayanan arewa mai nisa suna da daraja a wurinsu.

Mataccen tsuntsu ba a taɓa shi da hannu, musamman in ka ga da yawa wuri guda. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006, irin wannan kuwa likitan dabbobi ake sanarwa. Sai batun zobe: masunta da maharba sukan tsinci tsuntsu da ƙaramin zoben ƙarfe a ƙafa, wanda masu bincike ke sa wa tsuntsaye don bin diddigin ƙaurarsu, wasu sun ajiye shi shekara da shekaru a cikin gwangwani. Ka tambaya cikin ladabi, kada ka saya, don sayen zai sa a fara farautar masu zobe. Ka roƙi a juya maka shi ka ɗauki hoton duk rubutun da ke jiki, lamba da sunan gari ko cibiya, ka tambayi tafkin da aka samo shi da shekarar. Ka aika ta shafin EURING, ƙungiyar cibiyoyin sanya zobe ta Turai. Sukan maido da amsa da wurin da aka sa zoben da ranar, sai ka buga wa mai zoben waya ka faɗa masa daga ƙasar da tsuntsunsa ya taso.